Yadda Kawu Fanuris Ya Koya wa Jamusawa Cin Abinci

Wannan labarin daga bakina sai kunnenku. In Kaka ta ji na fitar da shi waje kashina ya bushe, don ta ce abin kunyar gida a gida yake kwana. To amma ni in na riƙe magana cikina ciwo yake yi, kuma ai duk tsibirin nan babu wanda bai gani da idonsa ba, har kyanwoyin bakin ruwa.

Sunana Asimina. Gidan abincin kakata, Kaka Zambeta, shi ne wanda yake ƙarƙashin rumfar inabi a dandalin bakin ruwa, yana kallon na Sifis ido cikin ido. Sifis ya sa sababbin kujeru, ya kafa allo mai hotunan abinci, baƙi duk suka koma wajensa. Mu kuwa daga ƙuda sai Tsoho Lukas masunci, shi ma kifinsa yake kawowa a soya masa. Da zafi ya fara shigowa, Kaka ta ce in bana ma haka aka yi, za ta ja ƙofa ta rufe mu koma Atina, babban birnin Girka, wajen ƙanwar mamata, can saman bene. Ni da ko kanti aka aike ni sai na yi ta maimaita abin da zan ce a hanya, ina ni ina Atina?

Ana haka sai wata mata mai yawo da baƙi, Aristeya, ta aiko cewa ranar Lahadi za ta kawo Jamusawa. Za ta gwada mu, ta gwada Sifis, wanda ya fi shi za ta riƙa kai wa mutanenta har ƙarshen zafi.

Nan fa Kawu Fanuris ya miƙe. Shi ne autan Kaka. Ya taɓa aiki a jirgin ruwa, ya dawo mana da tumbi da gashin baki da labarai. In kana jin sa, shi ya koya wa kyaftin tuƙi.

Ya ce, "Mama, kin san abin da ya sa baƙi ba sa zuwa? Tsoro suke ji. Ba su san zaman tebur irin namu ba, ba su san maganar hannu ba. Ni zan buɗe musu makaranta. Su shigo Jamusawa, su fita 'yan Girka. Sifis ya soya hotunansa ya ci."

Kaka ta ce, "Da wane bakin za ka koya musu?"

"Jamusanci? Haba Mama! Ni da a Hambug ta Jamus 'yan gari ke tsayar da ni suna tambayata hanya?"

Tsoho Lukas ya ce daga teburinsa, "Shi ya sa har yau bayin Allah ba su isa gida ba."

"Kai tsoho, ji da ƙayar kifinka." Ya juyo ya nuna ni. "Ga Asimina, da ita zan riƙa yin misali."

Na so in ce a'a, amma bakina in ya ga mutum sama da biyu sai ya kulle kansa.

Ranar Lahadi da rana tsaka suka sauko daga jirgin ruwa. Tsofaffi ne, maza da mata, duk sun yi ja kamar tumatir. Ashe 'yan waƙar coci ne a garinsu, komai tare suke yi, har zama ma sai wani dogo mai jan wuya ya ɗaga yatsa sannan su zauna gaba ɗaya. Shi na sa wa suna Dogo. Akwai kuma wata mai ƙatuwar malafa da ba ta daina murmushi, ita ce Mai Malafa.

Kawu ya fito da farar riga da hular kyaftin da ya aro, turarensa har ido yake sa wa hawaye. Ya tare Aristeya a bakin rumfa.

"'Yar'uwa, je ki wajen Sifis ki ɗanɗani ruwan wanke-wankensa, ki bar min su. Ba ma buƙatar tafinta."

"Ka tabbata kana jin yarensu?"

"Har mafarki nake yi da shi."

Da ma za ta duba kicin ɗin Sifis, sai ta ɗaga kafaɗa ta tsallaka dandali.

Jamusancin Kawu kuwa, ashe yarenmu ne, sai dai da ƙarfi yake yi, a hankali, in ya kai ƙarshe ya ce "ya, ya," wato "e, e" ɗin Jamusawa.

Ya fara da yadda ake cewa a'a. Ya tsayar da ni a gabansu, ya miƙo min burodi. Na ɗaga haɓa sama, na ɗaga gira, na yi ɗan tsaki, yadda kowa ke yi a nan in zai ce a'a. Kawu ya tafa min, ya shafa tumbinsa don jin daɗi. To wannan shafa tumbin shi ya kashe mu. Jamusawa suka kalli juna, suka ce oho, ashe haka ake cewa abinci ya yi daɗi. Dogo ya ɗaga yatsa, suka gwada tare, haɓa sama, mtsw. Suka sake. Kawu ya ce, "Kun gani? Kai, ni malami ne!"

Daidai nan Kaka ta fito da kaskon naman ɗan akuya da dankali, wanda ta tashi tun da asuba a kansa. Ƙamshi ya cika rumfa. Ta tsaya a gaban Dogo tana murmushi. Dogo ya shaƙi ƙamshi, ya lumshe ido, ya ɗaga yatsa. Tebur guda ya ɗaga mata haɓa ya ja tsaki lokaci ɗaya.

Kaka ta tsaya kamar an dasa ta.

"Ni? Namana?"

"Mama, tsaya, gwaji suke..."

"Tun kafin a yi maka wando nake dafa naman nan, ko bishop bai taɓa yi min tsaki ba!" Ta juya da kaskonta ta shige.

Jamusawa suka bi nama da ido har ya ɓace. Tsofaffin da ke shan kofi a shagon gefenmu suka fara juyo da kujerunsu. Ɗaya ya ce, "Fanuris, nawa ne kuɗin shiga makarantar? Zan kawo jakina."

Kawu ya share gumi ya ce ai ba komai, da ma al'ada ita ce baƙo ya shiga kicin ya buɗe tukunya ya zaɓa da idonsa. Ya ja hannuna muka yi misali, na buɗe tukunyar wake na nuna. Ai kuwa kafin in rufe, dukkansu sun shigo. Kicin ɗin Kaka mutum uku ma sai an yi gefe-gefe. Wannan ya buɗe tanda, wannan ya buɗe firji, wata ta buɗe akwatin da Kaka ke ajiye maganin ƙafarta. Dogo kuwa ya tafi can lungu inda wata tukunya ke tafasa ita kaɗai, ya buɗe, ya sa ludayi, ya kurɓa. Tsummokaran goge tebur ne Kaka ke dafawa da sabulu. Ya haɗiye da ƙyar, idonsa ya kawo ruwa, amma don ladabi ya juyo ya ɗaga wa Kaka haɓa ya yi tsaki.

Kaka ta ce, "Wannan kam ka yi gaskiya." Ta ɗauki tsintsiya ta koro su waje kamar kaji.

A bakin ƙofa Mai Malafa ta kama kumatuna tana ta wani yare, da alama cewa take ina da kyau. Kaka, duk da fushinta, ba ta yarda a yabi jikarta haka kawai ba, sai ta yi "tuf, tuf, tuf" a iska don kore mugun ido. Mai Malafa ta kalli Kawu da tambaya.

Kawu ya ce, "Yauwa! Babban darasi ke nan. Abu mai kyau, ya? Tofi uku, ya, ya!"

Kowa ya san iska kawai ake hurawa. Amma Kawu ba ya yin abu kaɗan. Ya ja baya, ya tattaro, ya tofa min na gaske a goshi. Jamusawa suka yi layi. Ban san yadda aka yi na tsinci kaina a bayan durom ɗin man zaitun ba, inda nake ɓuya in duniya ta yi min yawa. Ina jin Tsoho Lukas yana cewa, "Ka bar yarinya ta sha iska, mugu. In tofi kake so a yi, ga fuskarka nan, sai dai ba ta cika sharaɗi ba."

Kawu ya zo ya zaro ni daga bayan durom, wai saura darasi ɗaya. Kaka ta haƙura ta fito da abinci, ta jera a tsakiyar tebur, cuku da zaitun da yalo da naman nan. Jamusawa suka zauna kowa yana jiran a zuba masa nasa.

"A'a, a'a! A nan babu nawa babu naka. Faranti na kowa ne. Cokali mai yatsa, ya? Ko'ina, ya, ya!"

Ya soki cuku a nan, ya soki yalo a can. Da abin ya yi masa daɗi, sai ya miƙa hannu ta baya, ba tare da ya waiwaya ba, ya soki zaitun ɗaya daga teburin Tsoho Lukas, wai don su ga gwaninta.

A gaban Lukas akwai wani jan kifi, ƙato, wanda ya ce tun bara yake fakonsa a gindin dutse. Yanzu Kaka ta sauke masa, ya matsa lemon tsami, ya sa adiko a wuya, ya juya ke nan zai ɗauki gishiri. Dogo ya ɗaga yatsa. Kafin Lukas ya juyo, sun zagaye shi. Da suka watse, daga kai sai ƙaya. Mai Malafa ma ta shafa masa kafaɗa ta ja masa tsaki.

Lukas ya kalli faranti. Ya kalli Kawu. Ya miƙe a hankali, ya buɗe yatsunsa biyar a fuskar Kawu ya watsa masa daƙuwa.

"Ungo! Kai da makarantarka da wanda ya ara maka hula!"

Jamusawa duk suka zuba wa Kawu ido, suna jiran bayani. Da wani ne sai ya ba tsoho haƙuri. Amma Kawu ya yarda ɗalibansa su gane an zage shi? Sai ya dafa ƙirji, ya rusuna, ya washe baki kamar an ba shi sarauta.

"Gaisuwa! Babbar gaisuwa, ya? Ta manya!"

Ya mayar wa Lukas da hannu biyu, yana murmushi. Lukas ya ɗora hannu ɗaya a bayan ɗaya ya ƙara mata nauyi. Kawu ya rusuna har ƙasa.

Na ja masa riga na ce a hankali, "Kawu, za su koya fa."

"Rufe min baki, yanzu za su manta."

Ba su manta ba. Dogo har gyara wa na baya yake yi, wai yatsunsu ba su buɗe sosai ba.

Sai ƙararrawar coci ta fara kaɗawa.

Ni na manta, Kawu ya manta, kowa ya manta cewa ranar ce ake yi wa ɗan Orestis mahauci baftisma. Orestis in ya tsaya a ƙofa rana ba ta shigowa, kuma 'ya'ya mata ya yi ta samu sai yanzu Allah ya ba shi namiji. Ga su nan suna gangarowa daga tudu. Fada Serafim, limamin coci, a gaba da gemunsa da baƙar rigarsa, Orestis ya rungumo jariri cikin fararen kaya, matarsa, surukarsa mai sanda, dangi har daga wasu tsibirai, da mai goge a baya.

Jamusawa suka ga limami, suka ga jariri, suka ga manyan gari. Dogo ya miƙe ya gyara riga. Suka jeru a bakin rumfa, gajeru a gaba dogaye a baya, kamar za su yi waƙa.

Kawu ya ce, "A'a! A'a!" Ya ruga gabansu yana kaɗa musu hannu biyu a buɗe don su tsaya. Su kuwa suka ɗauka malam ya ba da umarni.

Hannuwa suka tashi gaba ɗaya. Biyu-biyu, yatsu a ware, daidai fuskar Fada Serafim. Wasu ƙwararru har sun ɗora ɗaya a bayan ɗaya. Kuma duk suna murmushi.

Mai goge ya tsinke a tsakiyar kiɗa. Fada ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama. Surukar Orestis ta ce, "Wayyo Maryamu Budurwa!" ta fara zana gicciye a ƙirji ba ƙaƙƙautawa. Mai Malafa kuwa ta hango jariri. Ta dafe ƙirji, ta ruga, ta leƙa fuskarsa, ta ja baya, ta tattaro yadda aka koya mata.

Na rufe ido. Na ji uku.

Da na buɗe, Orestis yana miƙa wa matarsa jariri a hankali, kamar mai ajiye ƙwai. Ya nannaɗe hannun riga. Bai kalli baƙi ba, don a nan ba a taɓa baƙo ko me ya yi.

Ya ce, "Wa ya koya musu?"

Kawu ya cire hula ya tura ta ƙarƙashin kujera. "Wallahi Orestis ni ma yanzu na zo. Haka suka sauko daga jirgi. Ka san Turawan arewa, babu tarbiyya."

Dogo bai ji me aka ce ba, amma ya gane ana neman mai wannan aiki ne don a yaba masa. Ya ciro hular, ya kakkaɓe ta, ya ɗora wa Kawu a ka, ya ɗaga hannunsa sama kamar wanda ya ci dambe. Sauran suka yi tafi.

Kawu ya ce, "Orestis, ɗan'uwana, tare fa muka yi wasan ƙasa..."

"To zo mu ƙarasa."

Ban taɓa sanin tumbi na gudu haka ba. Suka zagaya teburin farko, suka zagaya na biyu. Surukar Orestis ta sa masa sanda a ƙafa, ya yi tuntuɓe, ya cafki takardar da aka shimfiɗa a tebur, ta biyo shi da duk abin da ke kanta. Farantai suka tarwatse. Jamusawa suka yi ihun murna, don wannan kam sun sani tun daga gida, an ce musu mu in mun ji daɗi faranti muke fasawa. Kowa ya ɗauki na gabansa.

Kaka ta fito da gudu. "Kayan aurena! Fanuris, Allah ya isa nonon da na ba ka!"

Tsoho Lukas ya hau kujera yana ba da labari kamar mai rediyo. "Ga shi nan ya bi ta hagu! Mahauci ya tare! Kai, ya sha da ƙyar! Fada, matsa, kar a yi da kai!"

Cikin wannan hali Aristeya ta fito daga wajen Sifis. Sifis na biye da ita da tiren kankana, kyautar da zai ja baƙi da ita, yana ta murmushin wanda ya riga ya ci. Jamusawa suka hango shi. Suka yi masa babbar gaisuwa. Suka zagaye tiren da cokula masu yatsa, suka bar masa ɓawo. Mai Malafa ta ga sabon allonsa mai hotuna ya yi kyau, ta yi masa abin da ake wa abu mai kyau. Sannan Dogo ya ɗaga yatsa, suka nufi kicin ɗinsa a jere.

Sifis ya jefar da tire, ya riga su isa, ya jawo ƙofar ƙarfe ƙasa, ya leƙo ta taga.

"Aristeya! Ko a mafarki kar ki kawo min su! Ki kai wa Zambeta, ita ta haifi bala'in, ita za ta ci da shi!"

Daga can bakin ruwa muka ji tsulum. Kawu ne ya ga babu sauran ƙasa a gabansa.

Aka zaro shi da ƙugiyar jirgi, ciyawar ruwa a gashin baki. Aristeya ta yi ta magana da mutanenta, fuskarta na sauya launi, sannan ta je ta durƙusa wa Fada da Orestis ta yi musu bayani. Ta dawo wajen Kaka tana share gumi.

"Mama Zambeta, Sifis ya ƙi. Su kuma waɗannan sun ce tunda suke yawo ba su taɓa jin daɗi irin na yau ba, kuma naman akuyarki babu irinsa. In kin yarda, ke zan riƙa kawo wa. Amma ni zan riƙa yin bayani."

Kawu ya buɗe baki, ruwa na ɗiga. "Kun ji ko? Na faɗa muku tsarina..."

Kaka ta ce, "Na yarda, da sharaɗi ɗaya. Wannan ya bar tsibirin nan har ƙarshen zafi."

Orestis ya ce, "Har ɗana ya fara tafiya."

Surukarsa ta ce, "Har ya yi gemu."

Kaka ta ce, "Yayarka ta gyara mana ɗaki a Atina, kar ya yi zaman banza. Asimina, haɗo masa kayansa."

Wallahi ban san lokacin da ƙafata ta kai ni sama ba. Ba zan je Atina ba! Har da safarsa mai huda na cusa masa, don kar ya sami dalilin dawowa.

Jirgin la'asar ya ɗauke shi tare da ɗalibansa. Duk gari ya fito bakin ruwa, 'yan baftisma, 'yan shagon kofi, Sifis ma ya buɗe ƙofa ya zo. Da jirgi ya fara ja baya, Tsoho Lukas ya ɗaga hannu ya ware yatsu. Orestis ya ɗaga biyu. Kafin ka ce kwabo, daga wannan ƙarshen gaɓa zuwa wancan babu abin da kake gani sai tafin hannu. Fada Serafim kaɗai ya sunkuyar da kai kamar mai addu'a, amma ni na ga wani abu yana motsi a cikin faffaɗan hannun rigarsa. Jamusawa suka jeru a jikin ƙarfen jirgi suna mayarwa, Mai Malafa har da hawaye. Aristeya ta dafe kai ta zauna a kan jaka.

Kawu ya tsaya a tsakiyarsu da jiƙaƙƙiyar hula, ya dafa ƙirji, ya ƙwala min kira.

"Asimina! Kin gani? Ko kyaftin ba a taɓa yi wa rakiya irin wannan ba!"

Ni dai hannuwana na cikin aljihu, ina tsoron kar a ce na yi rashin kunya. Sai na ji Kaka ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Ke wace irin marar tarbiyya ce? Kawunki ne fa guda zai yi tafiya. Fito da su duka biyun."